Komawa Ga Wasan Roka Bayan Girma



Wata ranar Lahadi, bayan an gama girbin alkama, na bar London da sassafe na tafi wata gona a gabashin Ingila, inda ƙasa ta ke shimfiɗe kamar faifai, ba tudu ba kwari. Na tarar da motoci wajen talatin a bakin gonar, mutane sun kakkafa tebura, kowa ya duƙufa a kan abin da ke gabansa. Da aka ce mini wasan roka za a yi, na zaci yara zan gani. Yaran kuwa akwai su, amma galibin mutanen wurin masu furfura ne.

Na tsaya kusa da wani magidanci mai shekara hamsin da 'yan kai, mai aikin gyaran lantarki. Rokarsa ta kai masa kafaɗa, kaurinta inci huɗu. Ya ce mini tun yana yaro, wajen ƙarshen shekarun 1980, ya ke harba ƙananan rokoki na kwali waɗanda ba su wuce kamu ɗaya ba. Sa'an nan aiki ya zo, aure ya zo, ya bari har shekara talatin. Ran nan 'yarsa ta komo daga makaranta da aikin kimiyya, ya je saya mata ƙaramar roka, sai tsohuwar sha'awa ta motsa. Irinsa suna da yawa, har a Amurka akwai laƙabin da a ke yi musu, mai ma'anar ɗan rokar da aka sake haifa. Abin da ya tarar da ya komo, da dalilin da ya sa saninsa na ƙuruciya bai ishe shi ba, shi ne zancenmu na yau.

Bari mu fara da asalin wasan. Ran 4 ga Oktoba 1957 Rasha ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Samarin Amurka suka ɗauki zafi, kowa yana so ya yi tasa rokar a bayan gida. Su kan sami bututun ƙarfe su ɗura masa kan ashana ko wani haɗi nasu, su sa wuta. Bututun ƙarfe kuwa in an ɗura masa irin wannan ya zama bom, sabo da haka yara da yawa suka rasa yatsu da idanu, waɗansu ma suka rasa rai. Maganin abin ya fito daga inda ba a zata ba. Wani mai sayar da takalma a garin Norfolk ta jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda ya san aikin wasan wuta, ya riga ya ƙera ɗan ƙaramin inji cikin kwankon takarda mai kauri, wanda a ke amfani da shi sau ɗaya a yar. A farkon 1957 ya aika da samfurinsa ga G. Harry Stine, wanda ya yi aikin kiyaye haɗari a filin gwajin rokoki na White Sands. Su biyun suka kafa ƙungiyar da yanzu a ke kira NAR cikin shekarar nan. A 1958 Vern Estes ya kafa kamfaninsa a jihar Kolorado, ya ƙera na'ura mai fitar da inji ɗaya cikin kowane sakan biyar da rabi. Hikimar ita ce a raba aiki biyu: ma'aikata ta ɗauki sashe mai haɗari, watau haɗa abin ƙonawa, yaro kuma ya ɗauki sashe mai koyarwa, watau gina jikin roka da kwali da katako marar nauyi.

Yadda roka ke tashi ba boyayyen abu ba ne ga wanda ya taɓa ganin maharbi ya harba bindigar gargajiya. Harsashi ya yi gaba, bindiga ta doki kafaɗa. Haka inji ke watso hayaƙi mai zafi ta ƙasa da gudun gaske, shi kuma hayaƙin ya tura roka sama. A jikin kowane inji akwai rubutu, misali C6-5. Lamba 6 ita ce matsakaicin ƙarfin turi, da ma'aunin da masana ke kira niyuton, niyuton ɗaya kuwa kusan nauyin giram 100 ne a tafin hannu. Lamba 5 tana nufin sakan biyar na jira bayan wuta ta mutu, kafin ɗan albarushin da ke saman injin ya tashi ya turo laima waje. Ku riƙe wannan lamba ta ƙarshe, za mu komo kanta.

Harafin shi ne jimlar turin da injin zai bayar tun daga kunnawa har mutuwa. Kowane harafi ya ninka na bayansa sau biyu. Iyakar A biyu da rabi ne, B biyar, C goma, D ashirin. A kunne kamar ba kome, amma ku ci gaba da ninkawa. G 160 ne, kuma nan ƙananan rokoki suka tsaya. H 320, watau A sau 128. M ya haura 10,000. O kuwa, wanda shi ne iyakar abin da ƙungiyoyin ke ba da shaida a kai, 40,960 ne, A sau dubu goma sha shida da ɗoriya. Magidancin nan ya ce mini da yana yaro D shi ne sarki, in wani ya zo da shi sai a kewaye shi ana kallo. Da ya komo ya tarar ana harba K da L, ba wanda ya ko ɗaga kai daga shayinsa sai in an yi sanarwa.

Me ya kawo wannan? Abin ƙonawa ne ya sake. Ƙananan injuna da albarushi su ke aiki, wanda aka danne har ya yi tauri kamar dutse. Amma albarushi yana da gautsi. In dunƙulen ya yi girma, faɗuwa ɗaya ko sauyin zafi da sanyi ya isa ya tsaga shi a ciki inda ido ba ya gani. Wuta kuwa a fuskar abu ta ke ci, tsaga ta ƙara mata fuska, sai ta ci da sauri fiye da yadda hayaƙi zai iya fita, injin ya fashe. Shi ya sa ba a cika yin injin albarushi da ya wuce E ko F ba. Manyan injuna suna amfani da wani haɗi na gishirin da a ke kira amoniyam fakulorat, da roba, sau da yawa har da garin alminiyam. In ka taɓa shi sai ka ji kamar robar goge rubutu, ba ya tsagewa, kuma turin da ya ke bayarwa ya ninka na albarushi mai nauyinsa sau biyu ko fiye. Dangin haɗin nan ne aka ɗura cikin manyan rokoki biyu da su kan ɗaga kumbon Amurka mai zuwa ya dawo, wanda ya yi aiki daga 1981 zuwa 2011. Tun wajen 1990 kuma aka fara sayar da kwanko na alminiyam wanda a ke sake ɗurawa, mutum ya sayi kwanko sau ɗaya, sa'an nan ya riƙa sayen abin ƙonawa da aka riga aka haɗa a ma'aikata.

To, ga inda mai komowa ya kan yi kuskure. Ya kan ɗauka babbar roka ƙarama ce da aka faɗaɗa. Lissafi bai yarda da shi ba. In ka ninka tsawon abu da faɗinsa da kaurinsa sau biyu, fuskarsa ta ninku sau huɗu, nauyinsa kuwa sau takwas. Ga kuma iska: in gudu ya ninku sau biyu, dukan da iska ke yi wa roka ya ninku sau huɗu. Fiffiken da aka manna da gam a bayan kwali ya isa ga injin C, amma injin J sai ya fige shi kamar gashin kaza. Sabo da haka a babbar roka a kan tsaga jikin, a cusa fiffiken ciki har ya kama bututun da ke riƙe inji, a ɗaure da gam mai ƙarfi irin wanda a ke haɗa ruwa biyu kafin ya kama. Katakon ma ya kan zama mai hawa-hawa, ko kuwa a bar katako ɗungum a koma ga zaren gilashi. In roka ta doshi gudun sauti, wajen mil 760 cikin awa, siririn fiffike ya kan soma kaɗawa kamar tuta, cikin ƙiftawar ido ya karye.

Akwai kuma batun miƙewa. Kibiyar maharbanmu ta gida ba a cika sa mata gashi ba, amma tana tafiya sak. Dalili shi ne ƙarfen bakinta ya fi kyauron nauyi nesa ba kusa ba, nauyi yana gaba, dogon kyauro yana baya iska tana daidaita shi. Roka ma haka ta ke. Tana da cibiya biyu. Ta farko cibiyar nauyi, inda za ka ɗora ta a kan yatsa ta tsaya ba ta rinjaya ba. Ta biyu cibiyar iska, inda dukan iskar da ke bugun jikinta ya ke taruwa. Tilas ne cibiyar nauyi ta kasance gaba da cibiyar iska, da tazarar da ta kai kaurin rokar sau ɗaya ko biyu. In suka juya, roka ba ta san sama ba, sai ta yi ta wulwulawa da wuta a gindi, ta nufi inda ta ga dama. Babban inji kuwa nauyi ne a baya, yana jawo cibiyar nauyi ƙasa. Rokar da ta tashi lafiya jiya da ƙaramin inji tana iya haukacewa yau don an sa mata babba. Yara su kan gwada ƙarama ta hanyar ɗaura mata zare su wulwula ta bisa kansu, su ga ko hancinta zai bi gaba. Ba mai wulwula roka mai kilo goma. A 1966 James Barrowman, ma'aikacin hukumar NASA, ya fitar da lissafin gano cibiyar iska daga siffar roka kawai, kuma har yau a kansa a ke. A 2009 wani ɗalibi a ƙasar Finland, Sampo Niskanen, ya rubuta manhajar kwamfuta mai suna OpenRocket, ya bar ta kyauta. Mutum ya zana rokarsa ciki, ya zaɓi inji, ta faɗa masa bisan da za ta kai da sakan nawa za ta yi kafin ta kai.

Amma ni a ganina duk wannan ba shi ne babban aikin ba. Na yi wuni guda a gonar nan ban ga rokar da ta kasa tashi ba. Waɗanda suka lalace duka wajen saukowa suka lalace. Ƙaramar roka ta kwali ko laimarta ta ƙi buɗewa, abin da zai faɗo bai fi nauyin ƙwai biyu ba. Roka mai kilo biyar kuwa in ta juyo da hanci ƙasa daga ƙafa 5,000 ba laima, gudunta ya kan kai mil 200 cikin awa ko fiye, ta nutse cikin ƙasa sai an haƙo ta da shebur. Ku auna in mota ce a wurin, ko mutum.

Lokacin da ya dace laima ta fito shi ne daidai ƙololuwa, sa'ad da roka ta gama hawa ba ta soma faɗowa ba, gudunta ya kusa zama babu. Lambar jiran nan da na ce ku riƙe, aikinta ke nan. In jiran ya gaza, laima ta fito roka tana cikin gudu. In ya zarce, ta fito roka ta riga ta juyo. Kowanne aka yi, laima ta yage, ko kuwa igiyar ta keta jikin rokar daga baki zuwa ƙasa kamar an feɗe rake. Sabo da haka masu manyan rokoki su kan bar dogara ga jiran inji, su sa ɗan ƙaramin ma'auni mai batir, wanda bai fi babban yatsa ba. Ma'aunin yana jin nauyin iska, wadda ke raguwa in ana hawa. Da ya ji ta daina raguwa ta soma ƙaruwa, ya san an kai ƙololuwa, sai ya kunna ɗan albarushin da zai raba rokar biyu.

Saura matsala guda, ita ce iska mai kaɗawa. A ce roka ta kai ƙafa 5,000, ta buɗe babbar laima nan take, tana saukowa ƙafa 15 cikin sakan. Za ta yi minti biyar da rabi a sama. In iska tana gudun mil 10 cikin awa, wadda ba wata iska ba ce, rokar za ta sauka kusan mil guda daga inda ta tashi, watakila kan itace, watakila kan wayar lantarki ko gonar wanda bai ba da izini ba. Dabarar da aka samo ita ce laima biyu. A ƙololuwa 'yar ƙarama ta fito, wadda ba ta hana faɗuwa, sai dai ta hana roka juyawa da hanci ƙasa, ana saukowa wajen ƙafa 65 cikin sakan. In saura ƙafa 500, ma'aunin ya sake kunna wani albarushin, babbar laima ta buɗe. Duka tafiyar ba ta kai minti biyu ba, rokar kuma ta sauka wajen rubu'in mil. Masu hankali su kan sa ma'auni biyu, kowanne da batirinsa, kuma su kan gwada albarushin a ƙasa tukuna su ga ko ya isa ya raba rokar. Kallon wannan saukowa yana tsinka zuciya. Mai roka yana tsaye, kuɗin watanni yana faɗowa daga sama kamar dutse, ba abin da zai iya yi sai jira.

Don haka ne ba a sayar wa kowa babban inji. A Amurka ƙungiyoyi biyu ke ba da shaida, NAR da Tripoli, wadda 'yan makaranta suka kafa kusa da Pittsburgh a 1964. Kada sunan ya ruɗe ku, ba Tarabulus ta Libya a ke nufi ba. A Biritaniya akwai UKRA, tun 1996. Mataki uku ne. Na farko H da I. Na biyu J da K da L, kuma sai an ci jarrabawa a rubuce. Na uku M da N da O, wanda sai ƙwararru sun duba zanen rokar da gininta tun kafin a gama. A kowane mataki gwajin ɗaya ne: ka gina da hannunka, ka harba gaban shaidu, ka ɗauko ta ka kawo musu a halin da za ta iya sake tashi. Ko ta kai ina, in ta komo a karye ba ka ci ba.

Dokokin filin ma ba wasa. Da lantarki a ke kunna inji, daga nesa, bayan an ƙirga da ƙarfi kowa ya ji. Ga dokar NAR, injin H sai mutane sun ja da baya ƙafa 100, M ƙafa 500, O ƙafa 1,500. Ba a harbawa in iska ta wuce mil 20 cikin awa, ba a harbawa cikin gajimare, ba a auna kome. A Amurka, rokar da ta wuce giram 1,500, ko abin ƙonawarta ya wuce giram 125, sai da izinin hukumar jiragen sama. Hukumar ƙasar mai kula da bindigogi da abubuwan fashewa ta daɗe tana lissafa haɗin nan na roba cikin masu fashewa, har ƙungiyoyin biyu suka kai ta ƙara a 2000, suka yi shekara tara ana shari'a, alƙali ya ba su gaskiya a 2009.

A nan ina da magana da 'yan'uwa da ke saurarenmu daga ƙasashe dabam-dabam. Abin da na ke bayani wasa ne da ke da ƙungiya da doka da fili a ƙasashen da na ambata. A wurare da yawa babu ko ɗaya daga cikin ukun, kuma jami'in tsaron da ya ga bututu mai fiffike a bayan motarka ba zai tsaya jin bayanin cibiyar iska ba. Ba a shiga jirgin sama da injin roka, ko ƙarami ne. Kada kuma wani ya ce zai haɗa nasa a ɗaki, wannan ita ce hanyar da ta cinye yatsun yaran 1957. Malamin da ke son nuna wa ɗalibansa wannan ilmi, gorar roba da ruwa da famfon keke sun ishe shi koyar da turi da miƙewa da laima duka.

Ina iyakar abin? Ran 25 ga Afrilu 2009, wani mai gyaran jikin mota daga jihar Ohio, Steve Eves, ya harba kwaikwayon Saturn V, rokar da ta kai mutane wata, a wata gona a jihar Maryland. Tsawonta ƙafa 36, nauyinta wajen kilo 750, da injuna tara. Ta haura ƙafa 4,400, ta sauko da laimominta, babban gangar jikin ya dira a tsaye. A hamadar Black Rock ta jihar Nevada kuwa, ran 17 ga Mayu 2004, wata ƙungiya ta masu sha'awa ƙarƙashin Ky Michaelson ta harba roka mai suna GoFast har mil 72, ta wuce mil 62 da a ke ɗauka iyakar sararin samaniya. A Oktoba 2024 ɗaliban Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka kai wajen mil 89 daga wannan hamada. Waɗannan dai ƙalilan ne. Yawancin masu komowa su kan tsaya a mataki na farko ko na biyu, don injin M guda ɗaya kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne, kuma cikin 'yan sakan ya ke ƙonewa.

Shi kuwa magidancinmu, wannan rana ita ce gwajinsa na biyu na matakin farko. A watan da ya gabata ya gwada, ya bar jiran injin ya zarce da sakan uku, igiya ta keta masa jikin roka kusan kamu guda, shaidu suka ce a'a. Ya yanke wurin da ya yage, ya yi ƙari, ya sake auna cibiyar nauyi don ƙarin ya gusar da ita, ya rage jiran. Bayan azahar mai kula da fili ya karɓi rokar, ya jijjiga fiffike ɗaya-ɗaya, ya tambaye shi ina cibiyar iska, ya nuna masa alamar da ya yi da alƙalami. Aka ɗora ta a kan dogon ƙarfen harbawa, muka ja da baya. Aka ƙirga daga biyar. Injin H ya yi ruri bai kai sakan biyu ba, rokar ta bar farin hayaƙi miƙe kamar an ja layi, ta ƙanƙance har ta kusa ɓacewa. Wurin ya yi tsit. Can sai muka ga ɗan hayaƙi, sa'an nan jar laima ta buɗe. 'Yarsa ce ta riga shi rugawa cikin gonar. Suka komo tare, ita da hancin rokar da laima, shi da gangar jikin a kafaɗa, suka ajiye gaban shaidu. Aka juya ta, aka leƙa cikinta, aka sa hannu a takarda. Kafin in yi masa sallama na gan shi a gaban teburin mai sayar da kaya, yana tambayar kuɗin ma'auni da laima biyu.